Wuyana na ɗaurewa idan na yi Taiji, ina kuskuren yake?

Tela Mai Zare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san wasan Taiji, wato motsa jikin nan na Sinawa da ake yi a hankali, musamman mutanenmu da ke zaune a ƙasar Sin. Shekarata 54, kuma shekara 30 ke nan ina kan keken ɗinki. Wata huɗu da suka wuce na fara koyon salon nan mai motsi 24 daga bidiyo, bayan sallar asuba, kamar minti 20 kullum. Gwiwata ta ji daɗi, barcina ma ya gyaru, alhamdu lillahi. Amma wuyana ya ƙi. Mai koyarwar yana yawan cewa a mayar da haɓa ciki, a miƙe kai sama. Ina yin hakan iya ƙarfina, kafin in gama sai in ji ƙeyata ta ɗaure tamau, wani lokaci har ciwon kai ya biyo baya. Ciwon wuya ne ya kai ni ga abin, ga shi kuma yana ƙara min. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Malam Tela, ka daure kawai. Shekara 30 kana sunkuye a kan keke, jijiyoyin wuyanka sun saba da lanƙwasa, dole su yi ƙorafi ranar da ka ce su miƙe. Mu da aka horar a filin fareti mun san wannan ciwon. Ƙirji waje, kafaɗa baya, haɓa ciki. Makon farko kamar wuyan zai cire, bayan wata uku ka manta. Ka ci gaba.

Ɗalibar Zhengzhou:
Baba Soja, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka. Tsayuwar fareti da tsayuwar Taiji hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma ina ganin haɗa su ne ya jawo wa Baba Tela wannan ciwon.

Ina karatu a lardin Henan, inda wasan ya samo asali. Ƙauyen Chenjiagou, gidan zuriyar Chen da ake danganta asalin wasan da su, yana hayin Rawayen Kogi, ba shi da nisa da mu, kuma shekara biyu ke nan ina koyo a makaranta. Akwai ƙa'idoji goma da aka ɗauko daga bakin Yang Chengfu, babban malamin salon Taiji da ake kira Yang, wanda ya rayu daga 1883 zuwa 1936, ɗalibinsa Chen Weiming ya rubuta su aka buga a 1925. Ta farko a cikinsu maganar kai ce. Da Sinanci ana cewa xu ling ding jin. Kalma huɗu ce. Xu na nufin wofi, abin da ba a cusa masa komai ba. Ling na nufin rai da kuzari, abu mai saurin amsawa. Ding tsakiyar kai ce. Jin kuwa ƙarfi ne irin wanda horo ya tace, daban da ƙarfin dantse. Idan aka haɗa, ana son tsakiyar kai ta tashi sama alhali wuya yana sake. A bayanin ƙa'idar ma an gargaɗi ɗalibi kada ya sa ƙarfi, domin da ya sa ƙarfi dokin wuya zai sanƙare. Baba Tela ya ce yana yi "iya ƙarfinsa". Ni a wurina amsar tana cikin wannan kalmar.

Batun ƙirji kuma, ƙa'ida ta biyu cewa ta yi a bar ƙirji ya ɗan kwanta ciki, baya ya buɗe. Wato akasin fareti.

Tsohon Soja:
'Yata na ji ki. Amma ki fahimtar da ni, yaya abu zai tashi sama ba a sa masa ƙarfi ba? Kai nauyi gare shi. Ko dai ka riƙe shi, ko ya faɗi gaba.

Ɗan Damagaram:
Baba Soja, ka taɓa tsayawa ka kalli Bafillatana mai tallan nono tana tafe da ƙwarya uku a kai? Ni kullum ina ganinsu suna shigowa gari da safe. Ba ta riƙe da ƙwaryar, wuyanta kuma ba ya ɗaure, tana iya juyowa ta amsa sallama, ta yi ciniki, nonon bai zube ba. Kan yana zaune daidai bisa ƙashin baya, shi ya sa ba ta buƙatar kokawa da shi. Da za ta turo haɓa gaba ko ta danne ta a ƙirji, da ba ta kai bakin kasuwa ba.

Ɗalibar Zhengzhou:
Yaya na Damagaram, ka faɗo kan abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na gane shi. Ita wannan kalma ding, a Sinancin yau da kullum ba suna kaɗai ba ce, aikatau ce ma, ma'anarta ɗaukar abu a ka. Malamarmu takan ce mu ɗauka akwai kwanon ruwa a kanmu. 'Yan ajinmu Sinawa da suka tashi a birni sai sun yi ta lalube kafin su gane, ni kuwa da na yi ɗiban ruwa a gidan kakata nan take jikina ya tuna. Da ka aza gammo ka ɗora tulu, ba wanda zai gaya maka inda tsakiyar kanka take.

Amma akwai wata siffa ta biyu da ake yawan amfani da ita, ding tou xuan, wato kai a rataye, kamar an ɗaura zare a tsakiyarsa an rataye shi daga sama. Ɗaya tana cewa ka tokare abu daga ƙasa, ɗaya tana cewa ana jan ka daga sama. Malamai sun bambanta a kan wadda ta fi dacewa da mai farawa.

Alhajin Guangzhou:
Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ba masani ba, amma shekaru ina zuwa sarin kaya, kuma masaukina a Xiaobei yake, kusa da lambun Yuexiu. Duk safiya tsofaffi na cika wurin, wasu da takobi, wasu da mafici, wasu hannu kawai. Akwai wani dattijo da na saba tsayawa bayansa ina kwaikwayo. Ba ma jin yaren juna sosai. Wata rana ya zagayo, ya sa yatsa biyu a ƙasan ƙeyata, wurin da ƙashin kai ya haɗu da wuya, ya ɗan ɗaga kaɗan, kamar mai ɗaga murfin tukunya don ya ga ko ta tafasa. Haɓata da kanta ta sauko, ban taɓa ta ba. Sai ya kama kwalar rigata ya nuna min cewa bayan wuyana ya riƙa shafar kwalar. Shi ke nan darasin.

Don haka Malam Tela, ni shawarata ka manta da haɓa gaba ɗaya. Kai da ka san wuyan riga fiye da kowa a nan, sa kaftani mai tsayayyen wuya, ka bari dokin wuyanka ya taɓa shi a hankali. Haɓar za ta bi.

Tela Mai Zare:
Alhaji, Allah ya saka da alheri. Yanzu na tashi na gwada a shago. Wallahi da bambanci. Da ina jan haɓar ne da jijiyoyin gaban wuya har maƙogwarona ya matse. Yanzu kuwa numfashi na wucewa.

Maman 'Yan Biyu:
Sannunku da muhawara. Ni a sashen fisiyo na asibiti nake aiki, wato sashen gashi da motsa gaɓoɓi, masu ciwon wuya kuwa kullum sai na gan su, teloli da direbobi da masu aikin kwamfuta. Bari in ƙara abin da na sani ta fuskar jiki.

Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. Yana zaune ne a kan ƙasusuwa bakwai na wuya, kuma na farkon su biyu aikinsu daban ne. Gyaɗa kai, irin na "e", yana faruwa ne tsakanin ƙoƙon kai da ƙashi na farko. Juya kai, irin na "a'a", kusan rabinsa tsakanin na farko da na biyu yake. Wannan mahaɗa ta sama tana can ciki, daidai tsayin kunnuwa, ba a ƙasa wajen kafaɗa ba kamar yadda yawancinmu muke zato. Wurin da dattijon nan ya taɓa wa Alhaji ke nan. Idan mutum ya sa yatsa a bayan kunnuwansa biyu, ya yi ɗan gyaɗa kai ƙarami kamar akwai sanda da ta ratsa daga kunne zuwa kunne, zai ji motsin da ake nema. Ƙarami ne ƙwarai. Mutane na yin kuskure ne su lanƙwasa wuyan duka.

Wanda ya daɗe a kan keke kansa yakan zame gaba, sai ya ɗan ɗaga fuska don ya ga gabansa, ƙananan jijiyoyin ƙasan ƙeya su gajarce. Idan ya zo ya danna haɓa da ƙarfi, na gaba suna ja, na baya suna turjewa, wuyan ya zama igiyar da ake ja ta bakin biyu. Ciwon kan da Malam Tela yake ji yana iya fitowa daga nan.

Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafi a 2014 cewa idan kai ya sunkuya digiri 60, kamar mai duba waya a cinya, nauyin da wuya ke ji ya kai wajen kilo 27. Lissafi ne na kwamfuta, ba a jikin mutane aka auna ba, don haka kada a riƙe shi kamar aya, amma ya nuna inda matsalar take. Wannan ya kawo ni ga tambayata. Malam Tela, a ina kake ajiye wayar idan kana kallon bidiyon?

Tela Mai Zare:
Hajiya, a kan tabarma nake jingine ta da buta.

Maman 'Yan Biyu:
To ka gani. Minti 20 idonka na ƙasa, kanka na son bin idon, kai kuma kana tilasta masa ya miƙe. Ɗora ta a kan taga ko katanga, daidai tsayin idonka. Mafi kyau ma ka kalli motsi ɗaya sau uku ko huɗu, ka kashe wayar, ka yi shi daga ka.

Ɗalibar Zhengzhou:
Anti ta yi gaskiya. A ajinmu ana cewa ido ya dubi gaba a miƙe, kamar mai hangen nesa. Wani kuskuren da na yi ta yi shi ne kallon ƙafata don in ga ko na taka daidai. Malamarmu ta ce ƙafa a ji ta ake yi, ba a kallonta. Haka a motsin da ake kira hannun gajimare, inda hannuwa ke zagayawa ana takawa gefe, ido yana bin hannun sama, amma ƙugu ne ke juya jiki, kai yana tafiya tare da ƙirji. Hanci da cibiya su kasance a layi ɗaya. Idan wuya ne ke juyawa shi kaɗai yana bin hannu, an bar hanya.

Tsohon Soja:
Na yarda da maganar waya. Amma har yanzu ina da ja. Na ga bidiyon wasu manyan malamai 'yan Sin ɗin, jikinsu a karkace yake gaba sosai. Ina maganar zare da rataya a nan? Ko su ba su san ƙa'idar ba?

Ɗalibar Zhengzhou:
Baba, ina jin salon Wu ka gani, na Wu Jianquan. Su da gangan suke karkata gaba idan nauyi ya koma ƙafar gaba. Amma ka sake kallo da kyau, daga diddigen ƙafar baya har tsakiyar kai layi ɗaya ne miƙaƙƙe, kamar tsani da aka jingina da bango. Wuyan bai karye ba. Suna da magana a kan haka, cewa a cikin karkata akwai miƙewa. Salon Yang da na motsi 24, wanda hukumar wasannin Sin ta tsara a 1956 daga salon Yang, su sun fi tsayawa tsaye. Abin da duka suka haɗu a kai shi ne kai ya zama ci gaban ƙashin baya, daga ƙashin gindi har sama.

Malam Na Zaure:
Ina bin zancen tun safe. Wannan magana ta ƙarshe ta tuna min da siffar ruku'u. Ya zo a Sahihu Muslim daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya yi ruku'u ba ya ɗaga kansa sama, ba ya kuma sunkuyar da shi, sai tsakanin haka. Ba ina haɗa ibada da wasa ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nufin duk wanda aka koya wa salla da kyau ya riga ya san yadda kai ke bin gadon baya ko da jiki ya duƙa.

Sai dai ina da tambaya ga 'yarmu da ke can. Na ji ana danganta wannan wuri na tsakiyar kai da wasu aƙidu nasu. Mene ne gaskiyar abin?

Ɗalibar Zhengzhou:
Allah ya gafarta Malam, wurin sunansa baihui. Idan ka ja layi daga saman kunne ɗaya ka haye kai zuwa ɗayan, inda ya ratsa tsakiya nan ne. Yana bayan maɗiga kaɗan, kuma wannan yana da amfani a aikace, domin wanda ya ɗauka goshi ko maɗiga ake ɗagawa, fuskarsa sama za ta kalla, ƙeya ta matse. A likitancin gargajiyar Sin yana cikin wuraren da ake soka allura. Gaskiya ne tsofaffin rubuce-rubucen Taiji cike suke da kalmomin falsafar Dao, irin su yin da yang da qi, kuma akwai masu ɗaukar abin da zurfi ta wannan fuska. A makarantarmu darasin motsa jiki ne, da maki da jarrabawa, babu wani abin bauta. Hukunci kuwa naku ne malamai. Abin da zan ƙara kawai, Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui sun daɗe da shahara a wasannin kare kai, salon Chaquan a hannunsu ya yi suna, kuma Wang Ziping, ɗaya daga cikin fitattun malaman ƙarni na 20, Musulmi ne.

Malam Na Zaure:
Madalla, na gamsu da bayanin. Allah ya yi miki albarka.

Ɗan Damagaram:
To tunda misalin ƙwarya ya karɓu, me zai hana Malam Tela ya riƙa ɗora wani abu mai ɗan nauyi a ka yana yi? Na taɓa karanta cewa an yi bincike a Kenya a 1986, aka ga matan Luo da Kikuyu na ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙara kashe kuzari ba.

Maman 'Yan Biyu:
Binciken gaskiya ne, amma a nan ka tsaya, ɗan uwa. Kuzarin tafiya aka auna, ba lafiyar wuya ba, kuma matan da suka saba tun suna yara ne. Ni nake ganin iyayenmu mata da suka shekara suna dakon itace da ruwa, da yawansu ƙasusuwan wuyansu sun ci wuya. Mutum mai shekara 54 da ciwon wuya ba zan ce ya ɗora nauyi ba ko kaɗan. Idan yana son abin tuni, faifai ya isa, ko littafi marar kauri, minti ɗaya ko biyu, ya ji wurin, ya sauke.

Shi ya sa ma ni na fi son siffar zare a kan ta tulu ga mai ciwo. Da ka ce wa mutum "tokare", sai ya sa ƙarfi. Da ka ce "an rataye ka", sai ya saki kafaɗa.

Alhajin Guangzhou:
Hajiya, ni kuma zaren ne bai yi min ba. Da na riƙa tunanin ana ja na sama sai in ji kamar zan tashi daga ƙasa, ƙafata ba ta kama ƙasa. Sai da wani yaro mai yi mana tafinta ya fassara min abin da dattijon ke faɗa, cewa kai ne kaɗai ke sama, sauran jiki duk a sake shi ya zauna, kafaɗa ta sauka, gwiwar hannu ta rataya, ƙugu ya saki, kamar riga a jikin ƙusa. Ƙusar ce ke riƙe, rigar ba ta yin komai. Sannan na gane.

Maman 'Yan Biyu:
Wannan ma daidai ne Alhaji, kowa da siffar da jikinsa ke ji. Kuma akwai dalilin da ya sa masu Taiji suka matsa a kan kai haka. Abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mutum a tsaye yake ko ya karkata yana cikin kunne ne, can ciki. Ido na taimakawa, ƙananan jijiyoyin ƙeyar nan ma suna aika saƙo. Idan kai yana daidai kuma a sake, saƙonnin uku na tafiya tare. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa ake ba tsofaffi shawarar Taiji don rage faɗuwa, kuma bincike da dama a Amurka ya goyi bayan hakan. A kan ciwon wuya ma an gwada a garin Essen na Jamus, aka buga a 2016. Mako 12 aka yi, masu Taiji sun fi waɗanda ba su yi komai ba samun sauƙi, kuma sun yi kunnen doki da masu atisayen wuya na asibiti.

Malam Tela, abu ɗaya nake so ka riƙe da muhimmanci. Idan ciwon yana sauka har hannu, ko yatsu na sagewa, ko allura na suɓuce maka, ko kana jin jiri in ka juya kai, ko tafiyarka ta canja, ka ajiye bidiyo ka je asibiti a duba ka. Ciwon kan ma, ka auna hawan jini, kada mu ɗora wa wuya laifin da ba nasa ba.

Tsohon Soja:
To, na sauko daga kan maganar daurewa. Amma ina nan a kan cewa sai an yi kullum. Wanda ya yi yau ya bari gobe ba zai ga komai ba.

Ɗalibar Zhengzhou:
A wannan kam ba mu da saɓani Baba. Mu ma kafin a fara motsi sai mun yi tsayuwa kawai, ƙafa a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sake, harshe na taɓa ganɗa a hankali, haƙora ba a cije ba. Baba Tela ka lura da muƙamuƙinka, yawancin masu ɗaure wuya suna cije baki ba su sani ba. Minti uku na wannan tsayuwar kafin ka fara zai taimaka.

Tela Mai Zare:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 12 in ba da labari. Na je an auna jinina, lafiya lau, kuma hannuna ba ya sagewa. Waya ta koma kan taga. Ina yin tsayuwar minti uku da tsohon kaftanina mai tauri a wuya, haɓa kuwa na bar ta ta yi abin da ta ga dama. Ciwon kan bai dawo ba tun kwana na huɗu. Ɗaurewar ƙeya ta ragu sosai da safe, amma zuwa la'asar, bayan na wuni a kan keke, tana dawowa. Na kuma lura da wani abu. Tabarauna mai gida biyu ne, na karatu a ƙasa, kuma duk sanda zan zura zare a allura sai na ɗaga haɓa sama don in gani ta ƙasan gilashin. Ina jin sau ɗari nake yin haka a wuni. Hajiya, wannan na iya zama cikin dalilin?

Maman 'Yan Biyu:
Ƙwarai kuwa, na sha ganin haka. Ka koma wurin masu gwajin ido ka gaya musu aikinka, ka auna tazarar da ke tsakanin idonka da allurar keken ka tafi da ita, su yanka maka tabarau na aiki mai gida ɗaya. Ka kuma duba fitilar shagon, idan haske bai isa kan allura ba dole ka kai kanka kusa. Kujerar da kake zama a kai, nawa ne tsayinta, kuma tana da majingina?

Tela Mai Zare:
Benci ne Hajiya, babu majingina. Gobe in sha Allahu zan auna tsayinsa da na teburin keken in turo miki.